Tun Ran Gini, Tun Ran Zane: Gobarar Bene da Halin da Garwa Take Ciki

A wani dare na watan Maris, lokacin da zafin Garwa, birninmu na arewacin Kamaru, yake korar kowa daga ɗaki zuwa tsakar gida, yaran gidanmu suka fito da talabijin waje, suka kunna wani tsohon fim na Amurka wanda aka juya zuwa Faransanci. Ni iska na fito sha a kan tabarma, ban zauna da niyyar kallo ba, amma ban tashi daga wurin ba sai da fim ɗin ya ƙare bayan kusan awa uku, kuma tun daga wannan dare maganarsa ba ta bar raina ba. Sunansa The Towering Inferno, masu jin Faransanci kuma sun san shi da La Tour infernale. An fitar da shi a shekarar 1974, kuma labarin wani dogon bene ne mai hawa 138 a birnin San Faransisko, wanda ya kama da wuta a daren da ake bikin buɗe shi.

Wanda ya zana ginin ya rubuta irin wayar lantarkin da ya kamata a sa, amma mijin 'yar mai ginin, wanda aka ba aikin haɗa wutar, ya musanya ta da wadda ba ta kai ba domin a rage kuɗin aiki. Wuta ta tashi a wani ɗakin ajiya a hawa na 81, ta yi ta ci a ɓoye ba wanda ya sani, alhali can sama a hawa na 135 manyan gari suna cin abinci suna yaba kyawun gini. Da aka gaya wa mai ginin cewa akwai wuta a ƙasa, sai ya ƙi yarda a sauko da baƙinsa, don kada a ɓata masa biki a gaban magajin gari da ɗan majalisa, har sai da shugaban 'yan kwana-kwana ya tilasta masa. Kafin nan lokaci ya ƙure. A ƙarshe sai da aka fasa manyan tankunan ruwa da ke saman ginin, ruwan ya kwararo ya kashe wutar, bayan an yi asarar rayuka masu yawa, ciki har da na masu kashe gobarar.

Duk lokacin da Steve McQueen, wanda ya fito a matsayin shugaban 'yan kwana-kwana, ya kutsa cikin hayaƙi, yaran sai su ɗauki tafi. Da aka gama, ɗan ƙanena wanda yake ajin ƙarshe na sakandare ya juyo ya ce da ni: "Baffa, da a nan Garwa ne, kafin pompiye su iso ai komai ya zama toka." Sauran suka yi dariya, kuma na san ba daga kansa ya ƙago maganar ba, a bakin manya ya tsince ta, domin ita ce maganar da ake yi a kowace majalisa washegarin kowace gobara. Ni kuwa abin da idona ya bi tun farkon fim har ƙarshensa waya ne. Shekarata ashirin da biyu ina sayar da kayan wuta a kasuwa, kuma mutumin nan da ya musanya waya mai kyau da mai araha na san shi ciki da bai, domin kusan kowane mako yana shigowa shagona da wata fuska daban. Ra'ayina, wanda nake so in kafa hujjarsa a nan, shi ne cewa gobarar bene tana farawa ne tun ranar da aka sayi waya, aka zana matakala, aka toshe lungu, aka sa hannu a takarda, kuma rashin adalci ne mu ɗora alhakinta duka a kan mutanen da muke kira bayan wuta ta riga ta ci rabin gida.

Shekara biyu da suka wuce wani Alhaji da nake girmamawa ya zo shagona da mai haɗa masa wuta, yana gina bene mai hawa huɗu, shaguna a ƙasa, ɗakunan haya a sama. Na ɗauko masa naɗin waya iri biyu na ajiye a kan kanta, dukkansu an rubuta musu kauri ɗaya da tsawo ɗaya a jikin leda, amma kuɗin ɗaya bai kai rabin na ɗayar ba. Na fiɗe bakin kowacce da wuƙa, na kankare zaren da ke ciki. Mai tsadar ta tsaya jawur har cikinta, mai arahar kuwa ina kankarewa sai fari ya bayyana, domin alminiyom ne aka shafa masa launin jan ƙarfe. Na kunna ashana na kara a bakinta, nan da nan zaren ya lanƙwashe ya sunkuya. Na ce da shi: "Alhaji, ranka ya daɗe, wannan idan aka binne ta a bango, aka ɗora mata firji da na'urar sanyaya ɗaki a zafin Afrilu, ba ni da tabbacin abin da za ta yi." Ya yi shiru yana lissafi a wayarsa, sannan ya ce: "Malam, ai duk wuta suke kawowa, kuma Allah ne mai tsarewa." Ya sayi kaɗan daga mai kyau saboda ɓangaren da ɗansa zai zauna, sauran kuma ya aika yaro ya saya masa mai arahar a wani shago.

Ya kamata mai karatu ya san abin da ke faruwa a cikin bango bayan an shafe shi da siminti an yi fenti. Alminiyom bai kai jan ƙarfe ɗaukar wuta ba, abin da yake ɗauka bai wuce kashi sittin da 'yan kai cikin ɗari na abin da jan ƙarfe mai kaurinsa yake ɗauka ba, saboda haka idan aka ɗora masa nauyi sai ya yi zafi, musamman a mahaɗa, inda aka murɗa waya da waya aka naɗe da salatif. A ƙa'idar sana'a, kaurin wayar fitila murabba'in milimita 1.5 ne, na ta soket kuma murabba'in milimita 2.5, kuma kowane layi yana da na'urarsa mai katse wuta idan nauyi ya yi yawa. Amma sau nawa na ga an ja wa shago guda layi ɗaya siriri, sannan aka rataya masa firji biyu da injin niƙa, da na'urar ta dame su da katsewa sai aka cire ta aka haɗa kai tsaye? Wannan katsewar da take ba mutane haushi ita ce gargaɗi na ƙarshe da bango yake iya yi.

Ga kuma yanayin wutarmu. Arewacin Kamaru ya daɗe yana dogaro da madatsar ruwa ta Lagdo, wadda aka kammala a 1982 da ƙarfin megawat 72, kuma idan rani ya yi nisa ruwa ya ja baya, sai a shiga rabon wuta unguwa-unguwa. Idan an ɗauke, mai guga yakan manta dutsensa a jone ya rufe shago, uwar gida ta kunna kyandir ta ajiye kusa da labule, mai hali kuma ya tayar da janareta a gindin matakala da jarkar mai a gefensa. Idan an dawo da ita cikin dare, sai ta tarar da komai a buɗe, ga busasshiyar iskar hunturu ko zafin da ya wuce digiri 40. Shi ya sa yawancin gobarar kasuwa da muke ji labarinta cikin dare take tashi, lokacin da babu kowa a wurin sai mai gadi.

Wani zai ce ai wancan fim ne, an shirya shi ne don a tayar wa masu kallo da hankali. To ga abin da ba fim ba. A ranar 14 ga Yuni, 2017, wuta ta tashi daga wani firji a hawa na huɗu na benen Grenfell mai hawa 24 a birnin Landan, kuma mutum 72 suka rasu. Wutar ɗaki ɗaya ce, wadda ya kamata ta tsaya a ɗakin, amma sai ta fita ta taga ta kama rufin ado da aka manna wa ginin ta waje, wanda cikinsa roba ce mai cin wuta, cikin ƙasa da awa ɗaya ta kai ƙololuwa. Bincike ya nuna cewa an sauya irin rufin da aka fara zaɓa da wani mai araha, aka rage kusan fam dubu 300 daga kuɗin gyara. Ginin matakala ɗaya gare shi, kuma watanni kafin faruwar abin mazauna wurin sun rubuta cewa ba za a saurare su ba sai an yi babbar asara. Landan ba ta rasa motocin kashe gobara ba, ba ta rasa ruwa ba, ba ta rasa horarrun ma'aikata ba, kuma motar farko ta isa wurin cikin 'yan mintuna. Duk da haka ba su iya warware abin da masu kwangila da masu sa hannu suka ƙulla tun shekara guda kafin nan ba. Idan haka ta faru a can, mu da me muke taƙama?

Na san amsar da za a ba ni, wato cewa Garwa ba ta da bene mai hawa 24, balle 138. Gaskiya ne, amma duk mai ido ya ga yadda garin yake miƙewa sama a 'yan shekarun nan, musamman tun lokacin shirin gasar cin kofin Afirka da aka buga a farkon 2022, sa'ad da filin wasa na Rumde Ajiya ya karɓi Najeriya da Masar da Sudan da Gini Bisau. Fili ya yi tsada a tsakiyar gari, saboda haka duk wanda ya samu kuɗi sai ya rushe gidan gado ya ɗora hawa uku ko huɗu ko biyar, kuma haka abin yake a Marwa da Ngaundere da Kusiri. Damuwata ita ce mun hau sama da ɗabi'un gidan ƙasa. A gidan iyayenmu, idan ɗaki ya kama, tsakar gida tana nan a buɗe, ga zaure, ga katangar da yaro ma zai iya haurawa zuwa gidan maƙwabci, abin da za a rasa bai wuce kaya da rufi ba. A bene kuwa hanyar fita ɗaya ce tal, ita ce matakala, kuma ita ce hanyar da hayaƙi yake bi ya hau, kamar yadda yake bin bututun gidan burodi.

Mutane da yawa ba su san cewa a gobarar cikin gini hayaƙi ya fi harshen wuta kisa ba. Katifar soso da kujerun kushin da ledoji da robobi, waɗanda suka cika gidajenmu da shagunanmu yanzu, idan suna ci suna fitar da baƙin hayaƙi mai guba wanda zai iya sumar da ƙato cikin 'yan mintuna, tun wutar ba ta zo kusa da shi ba. To a duba yadda muke tsara benayenmu. A ƙasa akwai shagon katifa ko na fenti ko na tukwanen gas, a bakin ƙofa ga mai sayar da zuwa-zuwa, wato man fetur na bakin hanya, da kwalabensa da jarkokinsa, ƙarƙashin matakala an mayar da shi ma'ajiyar babura, ƙofar matakalar kuma ta ƙarfe ce wadda ake datsewa da kwaɗo da dare, makullin yana aljihun mutum ɗaya. Kowace taga, har ta hawa na huɗu inda ɓarawo ba zai taɓa kaiwa ba, an dasa mata ƙarafan nan da muke kira antibol, an kama su da siminti. Mun yi wa ɓarawo shiri na ƙin ƙarawa, amma duk abin da ya hana shi shiga shi ne zai hana 'ya'yanmu fita.

Akwai wuri ɗaya a fim ɗin da shugaban 'yan kwana-kwana yake gaya wa mai zanen gini cewa ba su da tabbatacciyar hanyar yaƙar wuta a sama da hawa na bakwai, amma masu gini sai ƙara tsawo suke yi. Maganar tana nan da gaskiyarta. Tsanin mota irin wanda aka fi amfani da shi a duniya tsawonsa wajen mita 30 ne, shi ma sai ya samu fili mai faɗi da ƙasa mai ƙarfi kafin ya kafa ƙafafunsa. A watan Nuwamban 2017 gobara ta cinye hawa da dama na ginin ofisoshin Majalisar Dokoki ta Ƙasa a Yawunde, a tsakiyar babban birni inda kayan aiki suka fi yawa. A watan Janairun 2017 ɗin kuma, benen Plasco mai hawa 17 a Tehran, wanda yake cike da shagunan tufafi da ɗakunan ɗinki, ya rufta yana cikin ci, ya kashe 'yan kwana-kwana 16. Wannan na biyun ya fi kama da namu, domin kasuwa ce aka ɗora a kan kasuwa, irin abin da 'yan kasuwarmu suke sha'awar ginawa yanzu.

Na taɓa ganin abin da idona a unguwarmu, kuma bene mai hawa ɗaya ne kawai. Wajen ƙarfe biyu na dare muka ji ihu, muka fito muka tarar shagon da ke ƙasa yana ci, ashe akwai jarkokin mai a ciki. Matasa suka yi layi da bokitai, amma duk bokitin da aka watsa sai man ya taso a kan ruwan ya biyo kwata yana ci, har sai da wani dattijo ya daka tsawa ya ce a koma yashi. A sama kuwa ga matar gidan ta riƙe ƙarfen taga da hannu biyu, ta tura fuskar jaririnta tsakanin ƙarafa don ya shaƙi iska, tana kiran sunayen maƙwabta ɗaya bayan ɗaya. Har yau ina jin muryar nan. An kafa tsanin magina, mutum biyu suka hau da guduma da diga, suka yi ta dukan siminti, kuma kowane bugu ji nake kamar shekara. Sai da aka yi kusan kwata ɗin awa sannan wani ya tambaya ko an kira 118, lambar 'yan kwana-kwana, aka dubi juna, kowa ya ɗauka wani ya riga ya kira.

Da motar ta iso, ba ta iya shiga lungun ba. Wani ya fito da rumfarsa ta ci kusan mita guda na hanya, wani ya zube tifar yashi da bulo a ƙofar gidansa, wani kuma ya haƙa ramin bayan gida a waje ya rufe da siririn kankare wanda ba zai ɗauki mota mai nauyi ba. Dole suka tsaya a bakin titi suka yi ta haɗa tiyo da tiyo, jama'a kuma suna bin su da zagi, har wani ya ɗaga dutse. Cikin wannan zagin ne wani saurayi daga cikinsu, wanda bai fi sa'an ɗana ba, ya sa abin numfashi ya hau matakalar da ba wanda ya iya tunkara, ya sauko da yarinya 'yar shekara shida wadda ta ɓuya a ƙarƙashin gado, uwar ma ba ta san inda take ba. Allah ya sa ba a rasa rai ba, ko da yake yarinyar ta yi makonni a asibiti saboda hayaƙin da ta shaƙa. Da asuba na kai wa saurayin ruwa a kofi, na ga bayan hannunsa ya saɓule, sai ya ce da ni cikin Fulatanci: "Baba, ku buɗe mana hanya kawai, sauran aikinmu ne."

Ba ina cewa ma'aikatan kashe gobara ba su da abin gyara ba ne. A Kamaru rundunarsu ɓangare ce ta soja, a ƙarƙashin ma'aikatar tsaro, kuma haƙƙin talaka ne ya tambayi hukuma motoci nawa aka ware wa birni mai girman Garwa, nawa ne a cikinsu suke tafiya, kuma me ya sa garuruwa da yawa na arewa sai dai su jira mota daga wani gari. Amma zargin da aka fi yi musu, wai suna zuwa ba ruwa, yana bukatar a yi masa lissafi. Motar kashe gobara ta yau da kullum tana ɗaukar wajen lita 3,000, babban tiyo guda kuma yana iya fitar da lita 500 a minti ɗaya, wato cikin minti shida tanki ya ƙare. Motar ba rijiya ba ce, an yi ta ne ta fara aiki kafin a jona ta da famfon gobara na bakin titi. Idan babu famfon, ko yana nan amma ba ruwa a cikinsa, ko an gina shago a kansa, dole direba ya juya ya tafi ɗebo wani, jama'a kuma su ce sun gudu. Abin takaici ne a ce gari yana zaune a bakin kogin Binuwai, amma babu tankunan ajiya na musamman a kasuwanninsa da unguwanninsa masu cunkoso. Wannan aikin magajin gari ne da masu tsara birni, kuma su ya kamata a je a tambaya.

Sai maganar ƙaddara, wadda Alhajin nan ya kare kansa da ita. Na yi imani da ƙaddara mai daɗi da marar daɗi, kuma idan gobara ta auku babu abin da ya dace a faɗa wa wanda ta shafa sai jaje da addu'ar Allah ya mayar da alheri. Amma ya tabbata a hadisi cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, da aka ba Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, labari, sai ya ce wannan wutar maƙiyiya ce a gare ku, idan za ku kwanta ku kashe ta. Umarni ya bayar na a ɗauki mataki. Ya kuma tabbata cewa wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Mutumin da ya binne wayar jabu a bangon da wasu za su biya haya su kwana a bayansa, alhali ya san bambancin, har ya zaɓa wa ɗansa mai kyau, algus ya yi, kuma da rayukan mutane ya yi shi. Ina roƙon malamanmu su riƙa faɗin wannan a kan mumbari da sunansa, kamar yadda suke faɗin hukuncin tauye mudu.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Dokar tsara birane ta ranar 21 ga Afrilu, 2004 ta wajabta neman izinin gini daga magajin gari, ta kuma tanadi takardar shaidar cewa abin da aka gina ya dace da abin da aka ba da izini a kansa. Abin da ya rage shi ne takardar ta zama aiki, wani ya je da ƙafarsa ya hau matakalar ya auna faɗinta, ya buɗe akwatin wuta ya duba. Ni a ganina, duk ginin da ya kai hawa uku, ko wanda jama'a za su taru a cikinsa, kada a ba shi izini sai jami'in kashe gobara ya ga zanensa ya sa hannu, kuma kada a yarda da shi sai da matakala biyu a ɓangarori biyu, da taga aƙalla ɗaya a kowane gida wadda ƙarfenta yake buɗewa daga ciki. Wannan ita ce maganar da aka rufe fim ɗin da ita, inda shugaban 'yan kwana-kwana ya ce za a ci gaba da kwasar gawa har ranar da masu gini za su fara tambayarsu yadda ya kamata a gina. Wanda yake ganin wannan tsanani ne ya tuna daren 23 ga Janairu, 2022, lokacin da tartsatsin wasan wuta ya kama silin wani gidan rawa a unguwar Bastos ta Yawunde, mutum aƙalla 16 suka mutu, ana tsakiyar gasar da muke ta murna da ita. Za a ce matakala ta biyu tana cin wurin shago guda, kuma gaskiya ne tana ci, amma ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ba a ƙara matakala a daren gobara.

Mu 'yan kasuwar kayan wuta kuwa, kasonmu a cikin wannan alhaki ba ƙarami ba ne, kuma ba zan ɓoye shi ba. Da hannunmu ake shigo da wayar jabu da soket ɗin da ke narkewa, kuma mun fi kowa sanin wanne ne wanne tun daga nauyin naɗin a tafin hannu. Na daina ajiye mai arahar nan don sayarwa shekara shida ke nan, sai naɗi ɗaya da nake nuna wa masu saye, kuma na yi asarar ciniki mai yawa saboda haka, domin mai saye yakan taka ƙafa goma ya same ta a gaba. Mutum ɗaya ba zai iya ba. Amma ƙungiyarmu da take iya haɗa kuɗin mai gadi da na shara, take iya hukunta wanda ya janye wa ɗan'uwansa mai saye, tana iya yanke cewa ba za a sayar da wayar da ba jan ƙarfe ba a layinmu, ta sayi tukwanen kashe wuta ta rataye a kowace kusurwa tare da gangunan yashi, ta gayyato 'yan kwana-kwana su koya wa yaran shago yadda ake amfani da su, sannan ta hana kowa fito da teburinsa tsakiyar hanya. Mun ji yadda kasuwar Kwango ta Duwala ta ƙone ba sau ɗaya ba, kuma akwai 'yan'uwanmu 'yan arewa da jarinsu ya tafi a ciki. Gemun ɗan'uwanmu ya daɗe da kamawa, mu kuwa har yanzu ba mu shafa wa namu ruwa ba. Na kai wannan magana taronmu sau biyu, kuma zan sake kai ta a taro mai zuwa.

Benen Alhaji an gama shi, an yi masa fenti mai kyau, kuma a kan hanyata ta zuwa kasuwa yake. Shago na farko a ƙasa katifu ake sayarwa, na biyu kayan robobi, matakala ɗaya ce a tsakaninsu da ƙofar ƙarfe. Na sake samunsa bayan sallar Juma'a na roƙe shi ko da ƙarfen taga ɗaya ne a kowane hawa a yanke a sa masa ƙyaure, ya ce in sha Allahu zai duba. Jiya da safe da na wuce, na ɗaga kai na ƙirga rigunan makaranta bakwai a shanye a barandar hawa na uku.